DALLA-DALLA: Sunan kasuwanci, haɗin gwiwa ko kamfani: wace rajista ta dace da mai buɗe cibiyar gyaran ƙashin baya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu da ƙasan baya a shekarar 2020, kuma tana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Najeriya na da nata kason: direban da ke kwana a kan sitiyari, ɗan dakon kasuwa, tela, ma'aikacin ofis da matar da ke surfe da ɗaukar ruwa. Asibitocin gwamnati irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ba sa rabuwa da layi, saboda haka matasan da suka karanci gashin ƙashi da dangoginsa suka fara duban buɗe cibiyoyi na kansu.

Shawarar farko da ke gaban irin wannan matashi ita ce wadda aka fi yankewa cikin gaggawa. Sau da yawa a shagon wakilin rajista ake yanke ta, kuma tambaya guda ake yi: wacce ta fi araha? Alhali nau'in rajistar da aka zaɓa shi zai nuna wanda za a kama idan bashi ya yi yawa, da gwamnatin da za ta karɓi haraji, da makomar cibiyar ranar da mai ita ya rasu ko abokan aiki suka saɓa.

Wace sana'a ake magana a kai

Kairofraktik hanya ce ta kula da ciwon baya, wuya da gaɓoɓi ta hanyar dannawa da motsa ƙashin baya da hannu. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya assasa ta a garin Davenport na jihar Iowa ta Amurka a 1895, kuma har yau a Amurka da Kanada ta fi ƙarfi. A nahiyar Afirka, jami'o'i biyu na Afirka ta Kudu, ɗaya a Durban ɗaya a Johannesburg, sun shahara wajen koyar da ita. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horo da kiyaye lafiyar majinyata a wannan fanni.

Sana'ar ta bambanta da ɗorin gargajiya, wanda aka fi gada daga iyaye kuma ya fi mayar da hankali ga karaya da targaɗe. Ta kuma bambanta da gashin ƙashi da ake koyarwa a jami'o'in Najeriya, ciki har da Jami'ar Bayero, kodayake sukan haɗu a kan majinyaci guda. Abin da ya haɗa su duka shi ne hannu a jikin mutum. Yawancin waɗanda aka yi wa gyaran ƙashin baya ba sa samun abin da ya wuce tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, amma likitoci sun rubuta lokuta ƙalilan da murɗa wuya ya zo tare da tsagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki. Wannan haɗari, komai ƙanƙantarsa, shi ya sa zancen wanda zai ɗauki alhaki ya fi nauyi a nan fiye da a shagon sayar da atamfa.

Lasisi daban, rajista daban

Takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ba ta ba kowa izinin taɓa majinyaci. Abin da take tabbatarwa shi ne kasuwancin yana da suna da matsayi a gaban doka. Izinin aiki yana fitowa ne daga wasu ƙofofi biyu.

Ta farko ita ce hukumar MRTB, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa domin yi wa masu aikin farfaɗo da gaɓoɓi rajista. Masu gashin ƙashi, masu gyaran magana da masu kairofraktik duk suna ƙarƙashinta. Lasisinta na mutum ne, da sunansa da shaidar karatunsa, kuma ba a mayar da shi ga kamfani ko ga ɗan uwa.

Ta biyu ita ce hukumar jiha da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, wadda ke duba ginin, kayan aiki da ma'aikata. A Kano hukumar PHIMA ce, a Legas kuma HEFAMAA. Wanda ya riƙe takardar CAC kaɗai ya buɗe ƙofa yana iya wayar gari ya tarar an garƙame masa wuri, kuma babu nau'in rajistar kasuwanci da zai hana hakan.

Abin da dokar 2020 ta sauya

Shekara 30 Najeriya ta yi tana aiki da dokar kamfanoni ta 1990. Ranar 7 ga Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwa, wadda aka fi sani da CAMA 2020. Hayaniyar da ta biyo baya ta fi karkata ga sashe na 839, wanda ya ba CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiyoyi, abin da shugabannin coci-coci da ƙungiyoyin farar hula suka yi tir da shi. A cikin wannan ƙura, sauye-sauyen da suka shafi ƙaramin ɗan kasuwa ba su samu kulawar da ta kamace su ba.

Uku daga cikinsu sun shafi mai buɗe cibiya kai tsaye. Na ɗaya, mutum guda yana iya kafa kamfani shi kaɗai, saɓanin da, lokacin da sai an samu mutum biyu, har mutane kan ari sunan mata ko ƙane don cike gurbi. Na biyu, dokar ta shigo da sababbin nau'o'in haɗin gwiwa guda biyu a faɗin ƙasa. Na uku, ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni wasu ɗawainiyoyi da a da suke cin kuɗi. Yanzu hanyoyin da ke gaban ƙwararre guda uku ne manya: sunan kasuwanci, haɗin gwiwa da kamfani.

Sunan kasuwanci: sauƙi a yau, nauyi a gobe

Wannan ita ce rajistar da aka fi yi. Wanda zai yi aiki da sunansa na yanka da na mahaifinsa ba tare da ƙarin komai ba, doka ba ta tilasta masa rajista ba. Da zarar ya ƙara wata kalma, ko ya zaɓi wani suna na daban don allon ƙofa, wajibi ne ya yi rajista cikin kwana 28 da fara aiki. Bayan haka, abin da ake nema a wurinsa kaɗan ne: bayanin shekara-shekara da zai miƙa wa CAC kafin ƙarshen watan Yuni.

Matsalar ita ce doka ba ta ganin mutum biyu a nan. Cibiyar da mai ita abu guda ne. A ɗauka, a matsayin misali, ƙwararre ya karɓi gadon gyaran baya da na'urorin gashi bashi na naira miliyan 8, kasuwa ta ƙi, kayan da suka rage a cibiyar kuma ba su wuce na miliyan 3 ba. Mai bin bashi yana da ikon zuwa kotu ya nemi cikon miliyan 5 daga motarsa, filinsa ko asusunsa na gida. Haka nan idan ma'aikacin da ya ɗauka ya ji wa majinyaci rauni a bakin aiki, diyyar tana iya faɗowa a kan dukiyarsa ta kansa, domin doka tana ɗora wa ubangida alhakin kuskuren yaronsa a cikin aiki.

Duk da haka, ba a raina wannan hanya. Ga wanda zai fara da ɗaki ɗaya ko biyu, da kuɗin da ya tara, ba bashi, ba ma'aikaci mai taɓa majinyaci, kariyar da kamfani zai ƙara masa ba ta da yawa, kuma harajinsa yakan fi sauƙi, kamar yadda lissafi zai nuna a gaba.

Haɗin gwiwa iri uku

Abokai biyu da suka gama karatu tare sukan haɗa kuɗi su kama haya, ba tare da rubuta komai ba, saboda ana ganin neman takarda tsakanin aminai rashin yarda ne. A idon doka sun riga sun zama abokan haɗin gwiwa. Dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda Najeriya ta gada, da dokokin jihohin da suka bi sawunta, su za su cike duk gurbin da suka bari. A ƙarƙashinsu, idan babu yarjejeniyar da ta ce akasin haka, riba daidai ake raba ta ko da ɗaya ya zuba kashi 80 cikin 100 na jarin, kuma mutuwar ɗaya tana rushe haɗin gwiwar. Mafi nauyi, kowannensu yana ɗauke da alhakin bashin da ɗayan ya ciyo da sunan cibiyar da kuma kuskuren da ya yi a kan majinyaci. Wanda yake Zariya ranar da abokinsa ya murɗe wuyan wani a Kano yana iya rasa gidansa.

Nau'i na biyu, wanda ake kira LP, yana raba abokan gida biyu. Akwai mai gudanarwa, wanda alhakinsa ba shi da iyaka, akwai kuma mai zuba jari, wanda asararsa ba za ta wuce abin da ya zuba ba, da sharaɗin kada ya sa hannu a gudanarwa. Adadinsu ba ya wuce 20. 'Yan kasuwar Arewa za su ga kamanninsa da ƙiradi, inda ɗaya ke kawo dukiya ɗaya ke kawo aiki. Ya dace da ƙwararren da kawunsa ko tsohon ubangidansa zai ba shi jari, amma ƙwararren shi ne ke tsaye a rana.

Nau'i na uku shi ne LLP, kuma shi aka fi tsarawa domin masu sana'ar ƙwarewa. Yana da matsayin kansa a gaban doka, yana mallakar kadara, yana kai ƙara ana kai shi, kuma ba ya rushewa don wani abokin ya fita ko ya rasu. Ana buƙatar aƙalla mutum biyu, da abokai biyu da aka ayyana za su amsa tambayar hukuma, ɗayansu kuma dole ya kasance mazaunin Najeriya. Amfaninsa babba shi ne abokin da bai yi laifi ba, ba a bin dukiyarsa ta gida saboda kuskuren ɗan uwansa. Wanda ya yi kuskuren da hannunsa kuwa yana nan da alhakinsa.

A kowane nau'i, rubutacciyar yarjejeniya ita ce ginshiƙi: nawa kowa ya zuba, yaya za a raba riba, wa ke sa hannu a banki, yaya za a kimanta kason wanda zai fita, kuma me zai faru idan hukuma ta janye lasisin ɗaya daga cikinsu.

Kamfani: mutum na biyu a gaban doka

Tushen kamfani yana komawa ga hukuncin da kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta yanke a 1896 a shari'ar wani mai sana'ar takalma, Aron Salomon, wanda ya mayar da kasuwancinsa kamfani, kamfanin ya karye, masu bin bashi suka nemi kama shi. Alƙalai suka ce kamfanin mutum ne na daban, bashinsa nasa ne. Kotunan Najeriya suna bin wannan ƙa'ida har yau. A misalin da ya gabata na bashin miliyan 8, da kamfani ne ya ci bashin, mai bin bashi zai tsaya ne a kan abin da kamfanin ya mallaka, da kuma duk abin da mai hannun jari bai gama biya ba na hannun jarinsa.

Kamfani mai zaman kansa yana buƙatar hannun jarin da bai gaza naira 100,000 ba, kuma masu shi ba sa wuce 50. CAMA ta ware rukunin ƙananan kamfanoni: wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, kadarorinsa bayan cire bashi ba su wuce miliyan 60 ba, babu baƙo ɗan wata ƙasa ko gwamnati a cikin masu shi, kuma daraktocinsa ke riƙe da aƙalla kashi 51 cikin 100 na hannun jarin. Irin wannan kamfani yana iya zama da darakta ɗaya, ba dole ya naɗa sakataren kamfani ba, ba dole ya yi babban taron shekara ba, kuma an sassauta masa wajibcin ɗaukar mai binciken kuɗi. Sharaɗin baƙo abin lura ne ga waɗanda suka yi karatu a waje: shigo da abokin karatu ɗan Afirka ta Kudu ko ɗan Amurka cikin masu hannun jari yana fitar da kamfanin daga wannan rukuni.

Kamfani yana da wasu fa'idodi da ba na kotu ba. Bankuna, kamfanonin inshorar lafiya da manyan ma'aikatun da ke neman inda za su tura ma'aikatansu sun fi sakin jiki da shi. Shigo da sabon mai jari abu ne na sayar masa da hannun jari. A ɗaya gefen, akwai ɗawainiya: bayanin shekara-shekara ga CAC, littattafan kuɗi na gaskiya, bayanan haraji, da tara idan aka yi jinkiri. CAC tana da ikon soke sunan kamfanin da ya daɗe bai miƙa bayanansa ba, kuma ta sha wallafa sunayen dubban kamfanonin da take shirin sokewa.

Wanda niyyarsa taimako ce zalla, kamar cibiyar kula da masu larurar gaɓoɓi kyauta, yana da wasu hanyoyi biyu, wato rajistar amintattu ko kamfanin da ba ya raba riba. Dukansu sun haramta wa masu su raba abin da aka samu a tsakaninsu, saboda haka ba su dace da mai neman abin kai wa gida ba.

Inda katangar kamfani ba ta kaiwa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton kalmar "Limited" a ƙarshen suna tana kare ƙwararre daga sakacinsa. Wanda ya danna bayan majinyaci ba tare da ya bincika ko yana da raunin ƙashi ko ƙari ba, ya jawo masa lahani, ana iya kai shi ƙara da sunansa, a kai kamfanin tare da shi. Hukumar da ta ba shi lasisi ma shi za ta tuhuma. Kamfani yana kare shi daga bashin haya, bashin kaya da kuskuren wasu ma'aikata. Abin da hannunsa ya yi kuwa yana wuyansa.

Maganin wannan gurbi shi ne inshorar kuskuren aiki, wadda ke biyan diyya da kuɗin lauya idan an samu ƙwararre da sakaci. Tana cikin abubuwan da ake nema daga cibiyoyin da ke son shiga tsarin inshorar lafiya na ƙasa, tsarin da dokar 2022 ta mayar da shi wajibi ga 'yan Najeriya. Cibiyar da ke da kamfani ba inshora ta fi zama cikin haɗari a kan wadda ke da sunan kasuwanci da inshora mai kyau.

Katangar tana faɗuwa ta wasu hanyoyi kuma. Banki ba kasafai yake ba sabon kamfani rance ba sai darakta ya sa hannu cewa shi zai biya idan kamfanin ya gaza, ko ya jinginar da takardar filinsa; daga ranar, kariyar ta tafi game da wannan bashi. Kotu tana iya tsallake kamfani ta kama masu shi idan an gudanar da shi da niyyar zaluntar masu bin bashi. Mai cibiyar da ke karɓar kuɗin majinyata a asusunsa na kansa, yana biyan kuɗin makarantar yara daga asusun kamfani, yana raunana hujjarsa da kansa ranar da zai ce shi daban kamfanin daban.

Akwai kuma wajibai da ba ruwansu da nau'in rajista. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF. Idan ma'aikata suka kai 15, dokar fansho ta 2014 ta wajabta masa zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8.

Haraji: Abuja ko jiha

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan dokokin haraji huɗu, bayan watanni na taƙaddama da gwamnonin Arewa kan rabon harajin VAT. Sabon tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, kuma ya sauya lissafin mai zaɓen rajista.

Mai sunan kasuwanci, da abokan haɗin gwiwa na gama-gari, harajin mutum suke biya a kan ribarsu, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da suke zaune ita ke karɓa. Naira 800,000 na farko babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Kamfani kuwa hukumar tarayya yake biya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS: kashi 30 cikin 100 na riba, da ƙarin kashi 4 na harajin raya ƙasa. Idan aka raba ribar ga masu hannun jari, ana sake cire kashi 10.

An yi ta yayata cewa ƙananan kamfanoni ba za su biya harajin kamfani ba, kuma gaskiya ne. Sai dai ma'anar ƙaramin kamfani a dokar haraji daban take da ta CAMA, kuma tana ɗauke da togaciya: kasuwancin da ke ba da ayyukan ƙwararru ba ya shiga wannan rukuni. Cibiyar da jarinta shi ne ilimi da lasisin mai ita ba za ta gina lissafinta a kan wannan rangwame ba sai ta samu matsayar hukumar haraji a rubuce.

Misali zai fayyace tazarar. A ce cibiya ta samu ribar naira miliyan 12 a shekara, ba tare da lissafa wani rangwame ba. A sunan kasuwanci, harajin shi ne 330,000 a kan miliyan 2.2, da 1,620,000 a kan miliyan 9, jimilla 1,950,000, wato kimanin kashi 16 cikin 100. A kamfanin da bai samu rangwamen ƙanana ba, harajin kamfani 3,600,000 ne, na raya ƙasa 480,000, saura 7,920,000. Idan mai shi ya kwashe wannan a matsayin ribar hannun jari, za a cire 792,000. Jimilla 4,872,000, sama da kashi 40 cikin 100. Tazarar tana raguwa sosai idan mai kamfanin ya yanka wa kansa albashi na hankali, domin albashi yana cikin kuɗin gudanarwa da ake cirewa kafin a lissafa riba, shi kuma ya biya harajin mutum a kansa ga jiharsa. Wannan lissafi ne da ya cancanci zama da akanta kafin a biya kuɗin rajista.

Mai kuɗi da mai lasisi

A Amurka, inda sana'ar ta fito, jihohi da dama sun hana wanda ba shi da lasisi mallakar cibiyar jinya, suka tanadi kamfanoni na musamman da ƙwararru kaɗai ke riƙe hannun jarinsu. Jihar Kalifoniya ma ba ta yarda masu lasisin jinya su yi aiki a ƙarƙashin nau'in kamfanin LLC da sauran 'yan kasuwa ke amfani da shi ba. Dalilinsu shi ne gudun kada mai neman riba ya riƙa gaya wa mai jinya sau nawa zai ce majinyaci ya dawo.

CAMA ba ta ware irin wannan kamfani ba, kuma abu ne sananne a Najeriya attajiri ya gina wuri ya ɗauko mai lasisi ya tsaya a gaba. Haɗarin yana kan ƙwararren: sunansa ne a takardar hukuma, ikon kuwa yana hannun mai rinjayen hannun jari, wanda zai iya tsige shi daga darakta. Ƙwararren da zai shiga irin wannan tsari yana buƙatar yarjejeniyar masu hannun jari da ta bar masa hukuncin duk abin da ya shafi jinya, ta kuma fayyace hannun da bayanan majinyata za su koma idan aka rabu.

Ɓoye mai kuɗin ma ya ƙara wuya. Najeriya ta yi alƙawari a taron yaƙi da rashawa na Landan a 2016 cewa za ta buɗe rajistar masu kamfanoni na haƙiƙa. CAMA ta wajabta bayyana duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin 100 ko fiye, ko yake juya kamfani ta bayan fage, kuma CAC ta buɗe wannan rajista ga jama'a a 2023. Matashin da wani mai muƙami ya ce ya riƙe masa hannun jari da sunansa yana ɗaukar alhakin bayanin ƙarya a gaban hukuma.

Ranar da mai cibiya ba ya nan

Sunan kasuwanci na mutum guda yana ƙarewa da ran mai shi. Banki yana rufe asusun har sai magada sun kawo takardun kotu, kayan aiki su shiga rabon gado, albashin ma'aikata ya tsaya. Kamfani da LLP suna ci gaba da wanzuwa. Abin da magada ke gada shi ne kason mamacin. Amma kamfanin mutum ɗaya, mai darakta ɗaya da sa hannu ɗaya a banki, yana iya tsayawa cik na watanni shi ma. Naɗa darakta na biyu amintacce tun da wuri yana rage wannan. Lasisi kuwa ba a gadonsa: magada za su iya mallakar cibiyar, amma ba za ta karɓi majinyaci ba sai an samu wani mai lasisin da hukumar jiha ta amince da shi.

Wanne ya dace da wa

Ƙwararre guda, mai ƙaramin jari na kansa, wanda ba ya shirin cin bashi ko ɗaukar wasu masu jinya nan kusa, sunan kasuwanci tare da inshorar kuskuren aiki ya ishe shi farawa. Ƙwararru biyu ko fiye da kowannensu zai riƙa ganin majinyata, LLP ya fi kare kowannensu daga kuskuren ɗan uwansa, kuma haɗin gwiwar baka shi ne mafi haɗari a gare su. Wanda zai kama hayar shekaru, ya sayi na'urori bashi, ya ɗauki ma'aikata, ya nemi kwangilar kamfanonin inshora ko jarin wasu, kamfani ya fi dacewa da shi, muddin ya shirya wa harajinsa da ɗawainiyar takardunsa.

Ana iya farawa da sunan kasuwanci a koma kamfani daga baya, kuma mutane da yawa haka suke yi. Sai dai komawar tana nufin sabuwar rajista, sabon asusun banki, sauya sunan da ke takardar haya da sabunta rajistar hukumar jiha, kuma bashin da aka ci kafin sauyin yana nan a wuyan mutumin da ya ci shi. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a sake duba zaɓin shi ne kafin a sa hannu a kan babban bashi na farko, ko kafin a ɗauki ma'aikaci na farko da zai taɓa jikin majinyaci.